Mota Mai Lambar Gusau

Malam Zakariyya'u mai walda yana da wata ɗabi'a da matarsa Dije ta gaji da yi masa tsiya a kanta: ba ya iya ganin mota ta wuce bai karanta lambarta ba. Ko ƙarfe yake haɗawa a bakin shagonsa da ke Makera a Kaduna, da ya ji ƙugin inji sai ya ɗage baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya bi bayan motar da kallo, ya faɗi garinsu. Haruffa ukun farko su ne karatunsa. MKA ta gida ce, a nan Makera aka yi mata rajista. DKA ta tsallaken kogi ce, Doka ke nan. KAF ta Kafanchan, ZAR ta Zariya, KMC kuwa Bakanuwa ce, a kauce mata don kullum sauri take yi. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki. Shi dai daɗi yake ji, kamar wanda ya gane baƙo tun daga sallamarsa.

Kuma ya fi kowa sanin cewa lamba garin da aka rubuta mota take faɗa, ba garin mai tuƙa ta ba. Hujjarsa tana fake a ƙofar shagon: wata tsohuwar Golf ruwan toka, gaba da baya an rubuta GUS, sama kuma ga sunan Zamfara ɓaro-ɓaro. Shi kuwa Zakariyya'u ko kwana ɗaya bai taɓa yi a Gusau ba. A Makera aka yanke masa cibiya, a nan ya yi furfura.

Motar ta Jethro ce tun asali. Tare suka tashi a layi ɗaya, iyayensu maza suna aiki a masaƙa ɗaya a Kakuri, zamanin da masaƙun suke da rai. Tare suka sha duka a kan satar gwaba, tare suka koyi iyo a inda aka hana su. Jethro ya yi nisa a boko, ya sami aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Gusau, ya yi shekara goma sha biyu a can. A can ya sayi motar, a can ya yi mata lamba. Da ya yi ritaya ya dawo Kaduna, bai koma Makera ba, don garin ya riga ya rabu kowa ya bi nasa. Sai ya yi gini a Kamazou, kusa da 'yan cocinsu. Idonsa ya fara ba shi wahala a titi, shi ya sa ya sayar wa Zakariyya'u da motar. Ranar da suka sa hannu a takardar ciniki, Zakariyya'u ya tambaya ko ya kamata a canza lambar.

Jethro ya yi dariya ya ce, "Bar ta mana, Zakari. Lamba ce take tuƙi?"

Aka bar ta. Duk Asabar bayan Azahar, Zakariyya'u yakan wanke hannu da kalanzir, ya sa farar riga da hula, ya bi ta unguwar Television, ya ratsa Unguwar Boro, ya shiga Kamazou. Layin su Jethro sabon wuri ne, kowa da doguwar katangarsa, maƙwabci bai san baƙon maƙwabcinsa ba. Da ya yi hon sau biyu sai Jethro ya buɗe masa, ya shige da motar har tsakar gida. A nan suke buga dara a gindin mangwaro, suna cutar juna suna rantsuwar ba su yi ba. Edith, matar Jethro, ta kawo faten acca da zafinsa. Akwai buta da dadduma da ta ajiye a bayan ƙofar falo, ba mai taɓa su sai shi, idan La'asar ta yi.

A cikin daminar nan ne 'yan bindiga suka shiga layin suka tafi da Benson, wani malamin sakandare, gida uku tsakaninsa da Jethro. Kwana ashirin da uku ya yi a daji. Ya dawo da ransa, amma ko ƙarar murfin tukunya ya ji sai ya zabura. Tsoro ya kama layin gaba ɗaya, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Suka kafa kwamitin tsaro, suka ɗauki 'yan sintiri, suka naɗa Jethro ciyaman don shi ne dattijo kuma ya iya rubuta wasiƙa. Abu na farko da suka yanke shi ne a sa ƙofar ƙarfe a bakin layi. Wa Jethro zai ba aikin in ba Zakariyya'u ba?

Zakariyya'u ya je wata Talata da safe, ya faka a bakin layin, ya yi awo, ya koma. Kwana tara ya yi a kan ƙofar. Ya sa bututu mai kauri fiye da wanda aka ce masa, ya yi wa kowace gaɓa walda biyu, don a ransa amininsa ne zai kwana a bayanta. Ranar da za a kafa ta zazzaɓi ya kwantar da shi, sai aka ɗora ta a akori-kura, wasu suka je suka kafa.

Asabar ɗin da ya ji sauƙi, ya tsaya a Television ya sayi kilishi don Edith, ya nufi Kamazou yana ɗokin ganin aikinsa a tsaye. Ya hango ta tun daga nesa, an shafa mata baƙin fenti, ta zauna daram. Har ya fara murmushi, sai wani ƙato mai jar riga ya ɗaga masa gora.

"Oga, faka a gefe. Kashe mota."

Tony ke nan, shugaban 'yan sintirin. Bai ko kalli fuskar Zakariyya'u ba. Ya zagaya gaban motar ya duba lambar, ya ciro waya ya duba, ya sake duban lambar. Sannan ya zura hannu ta taga ya zare mukulli.

Zakariyya'u ya ce, "Lafiya dai, samari? Gidan Jethro za ni."

"Fito tukuna."

Kafin ya gama fitowa mutane sun fara taruwa. Mai shagon kwanar layin ya bar shagonsa, masu wanki suka fito da kumfa a hannu. Aka buɗe but ɗin motar aka zazzage: sandunan walda, tef ɗin awo, tsohuwar taya, igiya. Wani ya ɗaga igiyar sama yana nuna wa jama'a, sai ka ce ba a taɓa ganin igiya a but ɗin tsohuwar mota ba. Aka sa shi ya cire hula. Aka zaunar da shi a kan benci cikin rana, wayoyi huɗu ko biyar a kansa.

Sai ga wata mata ta kutso. Esther ce, matar Benson. Ta nuna motar ta ce, "Ita ce. Na sha ganin ta tana shiga layin nan kafin a ɗauki mijina. Lambar Zamfara, ita ce."

Zakariyya'u bai ji haushinta ba. Tausayi ma ta ba shi. Gaskiya ta faɗa, ta sha ganin motar. Kuma wa bai san labarin da ake ji daga dazukan Zamfara ba? Ya yi ƙoƙarin yi musu bayanin da ya saba yi wa mutane a shago, cewa haruffan nan ofishin da aka yi rajista kawai suke nunawa, cewa rabin motocin Kaduna lambar Legas da Abuja gare su amma masu su ba su san hanyar can ba. Ba wanda ya saurara. Mutumin da ya yi shekaru yana karanta wa motoci garinsu, yau ga shi ana karanta masa nasa.

Ya ce, "To, ku kira ciyamanku. Shi zai gaya muku."

Har a lokacin hankalinsa kwance yake. Yana zaune a kan bencin yana tsara yadda zai tsokani Jethro a gindin mangwaro, ya ce masa ka sa na yi ƙofa an kama ni da ita. Ya san Jethro zai zo yana faɗa, ya ce wa ya cire wa Zakari hula, ya ce motata ce wannan, ni na yi mata lamba da hannuna.

Jethro ya zo, da silifa da tabarau. Ya dubi motar. Ya dubi Esther, ya dubi jama'a, ya dubi wayoyin da aka ɗaga. Idonsa ya zo kan bencin ya wuce da sauri.

Tony ya ce, "Ciyaman, wai ya ce ya san ka."

Jethro ya gyara murya. "E, mai walda ne. Shi ya yi mana ƙofar nan."

"Motar fa? Lambar Zamfara ce fa, ciyaman. Kuma madam ta ce ta daɗe tana shigowa."

Kowa ya zuba wa Jethro ido. Zakariyya'u ya ɗaga kai yana jira.

Jethro ya ce, "Motar kam ban san inda ya samo ta ba. Amma mai walda ne, yana mana aiki. Ku duba takardunsa ku bar shi ya tafi."

Zakariyya'u ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a baya. Ba tsoro ba ne, don tsoro bai kama shi ba tun farko. Baƙin ciki ne zalla, da kunya, kunyar da ya rasa ta wane ne, tasa ko ta Jethro. Shekara hamsin da ɗoriya, ashe a bakin ƙofa mai walda ne.

Tony ya ce ya kawo takardu. Zakariyya'u ya buɗe aljihun gaban motar ya ciro wani tsohon ambulan. A sama akwai takardun da yake sabuntawa duk shekara, da sunansa da adireshinsa na Makera. A ƙasa kuma akwai takardar ciniki, ta yi ja don tsufa, da cikakken sunan Jethro da sa hannunsa mai kama da ƙugiya. Yatsansa yana kanta. Da ya zaro ta, magana ta ƙare a nan take. Ya kuma san abin da zai biyo baya: duk idanun nan za su bar shi su koma kan ciyaman da ya yi ƙarya a gaban Esther, kuma daga ranar Jethro ba zai sake zama lafiya a layin ba. Ya dubi Jethro. Jethro ya ga ambulan ɗin, ya kuma gane shi, don shi ya ba shi. Zakariyya'u ya ɗan jinkirta, ya ba shi lokaci ya buɗe baki. Jethro ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Zakariyya'u ya zaro na saman kawai ya miƙa.

Tony ya karanta yana bin layi da yatsa. Da ya ga Makera sai ya ɗan sauko, har ya ji ya kamata ya kare kansa. Ya matso da wayarsa ya ce, "Baba, ba laifina ba ne. Duba, tun Laraba aka sa ta a gurup ɗin unguwa."

Hoton motar ne, a bakin layin, ranar da ya zo awo. An zagaye lambar da jan layi. Wani ya rubuta cewa motar Zamfara tana leƙen layinsu, wani ya ce dole akwai mai ba su labari a cikin unguwa, a binciko shi. A ƙasa ga sunan Jethro da hotonsa na ranar bikin 'yarsa, ya rubuta cewa ya gode, duk wanda ya sake ganin motar ya sanar da 'yan sintiri.

Tun Laraba. Zakariyya'u ya ƙirga a ransa: Laraba, Alhamis, Juma'a. A ranar Alhamis ma sun yi waya, Jethro ya tambaye shi jiki.

Suka tsayar da shi a gefen lambar suka ɗauki hoto, suka rubuta sunansa, suka ce kada ya sake shigowa da wannan motar. Ya tattara kayansa ya mayar but da kansa. Ya ɗauki hularsa ya karkaɗe. Da ya juya Jethro ya riga ya kama hanyar gida, yana tafe yana magana da mai shagon kwana. Aka tura ƙofar aka rufe, ko ƙara ba ta yi ba, don ya sa mata girisi sosai.

A masallacin bakin titi a Makera ya yi La'asar ɗinsa ranar. Dije da ta ga ya dawo da wuri, ga kilishi a hannu ba a buɗe ba, ta san ba lafiya. Da ya gaya mata, sai ta miƙe tsaye da ludayi a hannu.

"Takardar tana hannunka ka yi shiru? Malam, wane irin haƙuri ne wannan? Mutumin da ya ci tuwon Innarka a akushi ɗaya da kai? Edith da ta riƙe ni ranar da na haifi Hafsat? Ba ni takardar, ni zan hau keke-napep in kai musu."

Ya ce, "Zauna, Dije."

"Ba zan zauna ba. Da sun dake ka fa? Da sun cinna wa motar wuta kana ciki?"

Shi ma ya yi wannan tunanin a hanya, a daidai Unguwar Boro, har sai da ya ɗan faka a gefen titi. Wayar Dije ta yi ta ƙara da yamman nan, sunan Edith yana fitowa. Ta kifa ta a kan tabarma.

Ranar Talata da hantsi keke ya tsaya a ƙofar shagon, Jethro ya sauko. Zakariyya'u yana tsugune yana haɗa ƙafar gadon ƙarfe. Ya kashe inji, ya ɗage gilashi, ya jawo masa benci, don ba a hana baƙo wurin zama. Suka gaisa kamar mutanen da suka haɗu a layin asibiti.

Jethro ya ce, "Zakari, kwana uku ban yi barci ba. Edith ba ta yi mini magana."

Zakariyya'u ya mayar da idonsa kan ƙafar gadon.

"Ba ka san yadda layin nan ya koma ba. Neman wanda za su kira mai ba da labari suke yi. An riga an fara cewa na daɗe a Zamfara, ina da mutane a can. Da na ce motata ce, a gaban Esther, a gaban yaran nan masu gora, wallahi ban san inda za ta tsaya ba. Jikokina suna gidan."

"Na sani."

"Kuma ai na fitar da kai. Na ce su bar ka."

"Ka ce." Zakariyya'u ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana juyawa. "Laraba fa? Ka ga hoton tun Laraba. Alhamis ka kira ni ka ce yaya jiki."

Jethro ya sunkuyar da kai. "Don in gaya maka na kira. Na kasa. Ta yaya zan ce maka kada ka zo gidana? Na ɗauka zazzaɓin zai riƙe ka har abin ya lafa."

Zakariyya'u ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Wato addu'a ake yi masa kada ya warke da wuri. Ya yarda tsoron Jethro na gaske ne, ya ga idon Esther da nasa idon. Yarda da hakan kuma ba ta rage masa komai ba.

Jethro ya ga kamar an sami hanya, sai ya matso da bencin. Muryarsa ta dawo irin ta ciyaman mai tsara abubuwa.

"Ga abin da za a yi. Na san wani a ofishin lasin. A cire wannan lambar, a yi maka sabuwa, MKA, ta garinku. Sati biyu an gama, ni zan bi maka komai. Ka ɗan canza mata fenti in ka ga dama. Yaran nan lamba kawai suke dubawa, ba za su ma gane ka ba. Ka dawo Asabar ɗinka kamar da. Ai daman tun farko ya kamata mu canza ta."

Zakariyya'u ya dubi motar da ke fake a rana, ya dawo da idonsa kan mutumin da suka koyi iyo tare.

Ya ce, "To, an canza. Na zo da MKA, sun tsayar da ni duk da haka, don hular ba za a canza ta ba, gemun ma haka. Sun kira ka, ka fito. Wa za ka ce musu ni ne?"

Jethro ya buɗe baki. Wata tirela ta wuce ta cika layin da ƙara, Zakariyya'u ko waiwaya bai yi ba. Tirelar ta yi nisa, ƙarar ta mutu, Jethro ya mayar da bakinsa ya rufe.

Zakariyya'u ya jira, kamar yadda ya jira a bakin ƙofa, har ya fi wancan daɗewa. Sannan ya ce, "Ka gai da Edith. Ka ce ta ba da butar da daddumar ga mai buƙata."

Ya sauke gilashin a fuskarsa ya kunna inji. Jethro ya daɗe a zaune yana kare ido da hannu daga hasken waldar, kafin ya tashi ya tsayar da keke.